Saita rediyon oba-oba da kwamfutar da ba Windows ba: tambayoyi da amsoshi

Kusan duk kamfanonin da ke ƙera rediyon oba-oba suna fitar da manhajar saita shi ne don Windows kaɗai. Mai MacBook ko Linux ko Chromebook sai ya sayi rediyo da kebul, ya ga manhajar ta ƙi buɗuwa. Sau da yawa ma laifin ba na kwamfutar ba ne, na kebul ne.

Dole ne sai na nemo kwamfuta mai Windows?

Ya danganta da rediyon da ke hannunka. In ƙananan nan ne da masu gadi da 'yan sintiri suka fi riƙewa, kamar Baofeng UV-5R, UV-82 ko BF-888S, ba ka bukatar Windows ko kaɗan. Akwai manhajar CHIRP, kyauta ce, tana aiki a kan Windows da macOS da Linux, kuma ta san rediyoyi masu ɗimbin yawa na Baofeng, Yaesu, Icom, Kenwood da sauransu. A gaskiya ta fi manhajar kamfanin Baofeng kanta sauƙin aiki.

Inda CHIRP ba ta kai ba shi ne rediyoyin kamfanoni irin su Motorola GP328 da GP340 da MOTOTRBO, da mafi yawan rediyoyin dijital na DMR. Na DMR na masu sha'awar rediyo, irin su AnyTone AT-D878UV da TYT MD-UV380, akwai manhajar qdmr da ke saita su a kan Linux. Na Motorola kuwa sai manhajar kamfanin, wato sai Windows ta wata hanya.

Kafin komai, cire batirin ka karanta lambar samfurin da ke manne a bayan rediyon. Kada ka dogara da abin da aka rubuta a kwali ko a gaba.

Na jona kebul, kwamfuta ba ta ga komai ba. Me ya faru?

Kebul ɗin saita rediyo ba zallar waya ba ne. A cikin kan USB ɗinsa akwai ƙaramar ai-si da ke juya harshen USB zuwa na tsohuwar ƙofar siriyal, wanda shi rediyon yake ji. Iri huɗu ne suka cika kasuwa: Prolific PL2303, CH340, FTDI FT232 da Silicon Labs CP2102. Kwamfutarka ba rediyon take gani ba, wannan ai-si take gani, kuma direbanta take nema, wato ƙaramar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane ta. Saboda haka kebul kaɗai, ko ba a jona rediyo ba, ya kamata ya bayyana.

A Linux direbobin duka huɗun suna cikin tsarin tun asali. Jona kebul, ka buɗe Terminal, wato tagar rubuta umarni, ka rubuta `ls /dev/ttyUSB*`, za ka ga `/dev/ttyUSB0`. In ya bayyana amma CHIRP ta ce ba ta da izini, sunanka ne ba ya cikin rukunin masu ikon taɓa ƙofar. A Ubuntu da Debian da Mint ka rubuta `sudo usermod -aG dialout $USER`, sannan ka fita daga asusunka ka sake shiga. Wannan fitar da dawowar ce mutane ke tsallakewa, su ce umarnin bai yi aiki ba. A Arch sunan rukunin `uucp` ne. Akwai kuma wata matsala da Ubuntu 22.04 ta yi suna da ita: manhajar brltty, wadda aka yi don allon karatun makafi, tana ƙwace kebul mai CH340, sai ka ga ƙofar ta bayyana ta ɓace nan take. In ba mai amfani da ita a kwamfutar, `sudo apt remove brltty` ya isa.

A Mac ka rubuta `ls /dev/cu.*` kafin ka jona kebul da bayan ka jona. Sabon sunan da ya ƙaru, yawanci mai kalmar usbserial a ciki, shi za ka zaɓa a CHIRP. Sabbin macOS suna zuwa da direban FTDI da na CH340, don haka kada ka yi gaggawar saukar da wani daga intanet. Direba biyu a kan ai-si ɗaya rikici suke haddasawa.

To ai ni Windows 11 gare ni, amma kebul ɗin ya ƙi.

Kusan tabbas Prolific ne, tsoho ko na jabu. An kwaikwayi PL2303 sosai a kebul masu araha, sai kamfanin ya sa sabbin direbobinsa su ƙi karɓar na bogi. A Device Manager za ka ga alamar gargaɗi mai ruwan ɗorawa da Code 10, ko rubutun da ke cewa an daina PL2303HXA tun 2012. Ana iya ɗora tsohon direba ya yi aiki, amma Windows kan maye gurbinsa da sabo in ta sabunta kanta, ka koma gidan jiya. Wannan kebul ɗin da Windows ta ƙi, Linux kan karɓe shi ba gardama. Shawarar da ta fi ita ce ka sayi mai FTDI ko CH340 ka huta.

Ƙofa ta bayyana, amma CHIRP ta ce rediyo bai amsa ba.

Yanzu matsalar tana ɓangaren rediyon. Kan kebul na Baofeng da Kenwood ƙafa biyu ne, ɗaya milimita 3.5 ɗaya 2.5, kuma dole su shige har ƙarshe. Robar da ke kewaye da ƙafafun takan yi kauri, ta tokare jikin rediyo, ya rage kamar milimita ɗaya. Danna da ƙarfi. In ta ƙi, aske gefen robar kaɗan da reza.

Tsarin da ya fi tabbas: kashe rediyo, jona kebul, kunna, ka murɗa sauti sosai, domin a irin waɗannan rediyoyi bayanan suna bi ta ƙofar lasifika da makirfo ne. Ajiye shi a tashar da ba kowa ke magana. In ka ga jan fitilar aikawa ta kama da zarar ka jona, kan bai zauna daidai ba, cire ka sake. Sannan ka tabbata samfurin da ka zaɓa a manhajar shi ne ainihin naka.

Da me zan fara in ya amsa?

Da karantawa, ba rubutawa ba. A CHIRP ka shiga Radio, ka zaɓi Download From Radio, ka adana fayil ɗin `.img` da ya fito da suna mai nuna cewa na asali ne, kada ka taɓa shi. Ka yi gyaranka a kan kwafi. Wannan fayil hoton ƙwaƙwalwar rediyon ne gaba ɗaya, ba jerin tashoshi kawai ba, shi ya sa ba a ɗora fayil ɗin wani samfuri a kan wani, ko da sun yi kama kamar tagwaye. In rediyo ashirin za ka saita, karanta kowanne, ka kwafo layukan tashoshin ka liƙa a nasa, sannan Upload To Radio.

UV-5R na ɗaukar tashoshi 128 kuma ana iya saita shi da maɓallan jikinsa in kebul ya gagara. BF-888S tashoshi 16 ne tsakanin 400 da 470 MHz, ba shi da allo ba shi da maɓallan lamba, sai kebul. In rediyo biyu suna firikwensi ɗaya, wato mita ɗaya, amma ba sa jin juna, duba lambar CTCSS ko DCS, wato alamar da rediyo ke jira kafin ya buɗe lasifikarsa. In suna ji amma murya ɗaya ƙasa-ƙasa ɗaya na fashewa, ɗaya yana kan faɗin 25 kHz ne ɗaya 12.5.

Lokacin rubutawa ne haɗari yake. Batirin rediyo ya zama cike, kuma a yi aikin da laftof mai caji, ba kwamfutar tebur da ke jiran a ɗauke wuta ba.

Manhajar kamfani ce kawai ke saita nawa. Wine ko kwamfutar kwaikwayo?

Wine tana sa manhajar Windows ta gudana kai tsaye a Linux. Tana yin aiki in manhajar mai sauƙi ce kuma kebul ɗin na siriyal ne, domin Linux ce ke riƙe da direban, Wine kuma ta ba ƙofar suna irin na Windows. Duba cikin `~/.wine/dosdevices` ka ga wane com ne ke nuna `/dev/ttyUSB0`. Takan ba shi lamba mai nisa kamar com33, alhali tsofaffin manhajoji ba sa ganin abin da ya wuce COM4 ko makamancinsa, sai ka mai da shi ƙaramar lamba ta rajistar Wine, ƙarƙashin Ports. Amma Wine ba ta ɗora direban USB na Windows, don haka rediyon da ke da nasa direban na musamman ba zai yi ba.

Irin wannan sai cikakkiyar Windows a cikin kwamfutar kwaikwayo, kamar VirtualBox ko VMware. Sirrin shi ne miƙa kebul ɗin ga Windows ɗin ciki: a VirtualBox ka shiga Devices, USB, ka zaɓe shi, sai ya ɓace daga uwar kwamfutar ya bayyana a ciki, can ne za ka ɗora direba. A Linux sai ka shiga rukunin `vboxusers` kafin jerin USB ya nuna komai. MOTOTRBO kan bayyana ne kamar na'urar sadarwa mai adireshi 192.168.10.1, kuma yana kashe kansa ya kunna bayan an rubuta masa. In ba ka sa masa tacewar USB ta dindindin a saitin ba, uwar kwamfutar za ta sake kama shi a tsakiyar aiki. Saboda wannan, sauya tashoshi a kwamfutar kwaikwayo ba laifi, amma sabunta manhajar cikin rediyon kanta gara a yi ta a kan Windows ta gaske.

Mac ɗina mai M1 ne. Akwai bambanci?

Babba ma. Tun 2020 da Apple ta koma nata injin, irin su M1, babu Boot Camp mai ɗora Windows kai tsaye a kan Mac, kuma Windows ɗin da ke gudana da kyau a Parallels ko UTM ko VMware Fusion ita ce Windows 11 ta ARM. Tana iya tafiyar da manhajojin da aka rubuta don Intel, amma ba ta iya ɗora direbobinsu. Sai direban da aka yi musamman don ARM64. FTDI da Silicon Labs sun fitar da nasu, don haka kebul ɗinsu na aiki. In direban rediyonka na Intel ne kaɗai, manhajar za ta buɗe lafiya amma ba za ta taɓa ganin rediyon ba. CHIRP ba ruwanta da wannan, tana gudana kai tsaye a Mac.

Chromebook kuwa, kunna Linux a saitinsa, ka ba shi izinin kebul ɗin a sashen USB, ka bi matakan Linux na sama.

Tsohon Motorola GP300 ko GM300 fa?

Nan a taka a hankali. Manhajarsu ta zamanin DOS ce, an rubuta ta da lissafin saurin kwamfutocin wancan lokaci, tana son ƙofar siriyal ta gaske da akwatin RIB, mai shiga tsakanin kwamfuta da rediyo, ko kebul mai maye gurbinsa. Kwamfuta mai sauri ko kebul na USB na iya karkatar da lokacin aika bayanai, karatu ya yi daidai amma rubutu ya lalata ƙwaƙwalwar rediyon. Tsohuwar laftof mai ƙofar siriyal, a tayar da ita da DOS zalla, ita ce maganinsa.

Tunda manhaja ta yarda, zan iya sa kowace firikwensi?

A'a. UV-5R na karɓar 136 zuwa 174 MHz, kuma a cikin wannan akwai na jiragen ruwa, ciki har da tasha ta 16 ta neman agaji a 156.800 MHz, da na hukumomi. A Najeriya hukumar NCC ce ke ba kamfanonin sadarwa lasisin firikwensi, na amfanin kai kuwa ma'aikatar sadarwa ta tarayya ce ke bayarwa, a Nijar kuma hukumar ARCEP. Tashar da kake son saurare kawai, ka sa Duplex ɗinta a off cikin CHIRP, ko an danna maɓallin magana ba zai aika ba.