Daga Juji Zuwa Gidan Baje Koli: Tambayoyi Kan Fasahar Kayan Shara

Wace irin fasaha ce wannan?

Ita ce mutum ya tsinci abin da aka yar, kamar marfin kwalba, tsohuwar jarka, taya ko gwangwani, ya ƙera abin kallo da ya fi na asalin daraja. Ta sha bamban da aikin masana'antar da ke niƙe roba ta narka har kamanninta su ɓace. A nan so ake mai kallo ya matso ya ce, "Af, ashe marfin kwalba ne!"

Sabon abu ne?

A'a. Tun a 1942 Pablo Picasso, mai fasaha ɗan ƙasar Sifaniya, ya haɗa sirdin keke da ƙarfen da ake riƙewa a tuƙa shi, ya fitar da kan bijimi. Abin da ya ƙaru a yau shi ne yawan sharar kanta.

Me ya haɗa ta da ɗabi'ar saye-saye?

Aikin El Anatsui zai ba da amsa. Haifaffen Ghana ne a 1944, ya kuma daɗe yana koyarwa a jami'ar Nsukka. Shi da mataimakansa kan tara dubban marafan kwalaben giya, su buɗe su, su daddaƙe, su huda, sannan su ɗinke su da siririyar wayar tagulla. Daga nesa sai ka rantse ƙaton mayafin zinare ne aka rataye a bango. In ka zo dab da shi, ga sunayen kamfanoni nan ɓaro-ɓaro. Kowane marfi shaida ne cewa wani ya saya, ya shanye, ya jefar. Giyar kanta tana da tarihi, domin tana cikin hajar da Turawa suka riƙa musayar bayi da ita. A 2015 aka karrama shi da lambar yabo ta Venice Biennale, babban baje kolin fasaha da ake yi a birnin Venice na Italiya.

Haka Romuald Hazoumè na Jamhuriyar Benin, wanda ke mayar da jarkokin fasa-ƙwaurin fetur su zama fuskoki: bakin jarka ya zama baki, mariƙinta ya zama hanci. Wannan aikin yana taɓa zuciyata, don fuskar tana tuna maka da matashin da ya yi kasada da ransa yana dakon man a kan babur.

To, tana rage shara kuwa?

Kaɗan ƙwarai, gara a faɗi gaskiya. Duniya na samar da roba sama da tan miliyan 400 a shekara, kuma wajen kashi 9 cikin ɗari ne kawai ake sake sarrafawa. Ko masu fasahar duniya duka za su taru, ba za su kwashe wannan ba. Amfanin wannan fasahar shi ne ta tsayar da mutum a gaban abin da ya saba kau da kai daga gare shi.

Tana da nata aibin?

Tana da shi. In aka lulluɓe roba da fenti da gam, sake sarrafa ta ya zama da wuya. Akwai kuma masu sayo sabbin kaya su nuna kamar daga juji suka tsinto. Ya kamata mai kallo ya tambaya: daga ina kayan suka fito, kuma ina za a kai su bayan an tashi daga baje kolin?