An Zaɓe Ka Shugaban Reshe: Ina Ikonka Ya Fara, Ina Ya Tsaya?

Ranar da aka zaɓi ƙanena shugaban reshen ƙungiyar masu sana'arsu a ƙaramar hukumarmu, a ajin wata firamare aka yi taron, bayan la'asar, dattawa sun takure a kan bencin yara. Aka ɗaga hannu, aka ƙirga, aka shafa fatiha. Tsohon ciyaman ya miƙo masa wata baƙar leda. A ciki akwai hatimi ɗaya da tawadarsa ta bushe, da littafi mai bangon kwali wanda rabinsa lissafin kuɗin wata ne, rabinsa bashin shagon mai shi, sai 'yan katunan mambobi da ba a raba ba. Ya ce, "To Malam, ga amanarku nan. Kuɗi kuwa suna wajen ma'aji."

Da dare ya shigo gida bakinsa har kunne. Na bar shi ya gama ba da labari, sannan na ce, "Ina kundin tsarin mulkin ƙungiyar?" Ya yi jim, ya ce, "Yaya, an ce akwai shi, amma yana Dutse."

Na daɗe ina riƙe da muƙamin sakataren wani reshe, na kuma ga yadda mutanen kirki ke shiga uku a kan wannan kujera ba don sun ci ko kwabo ba, sai don sun ɗauka hannayen da aka ɗaga musu su ne suka ba su iko. Hannun da aka ɗaga kujera ya ba ka. Iko kuwa yana cikin takardar nan da ke Dutse, kuma iyakar abin da ta rubuta shi ne iyakarka.

Abin da ya kamata ka fara sani shi ne wace irin ƙungiya ce ka hau kanta, domin ba doka ɗaya ce ke riƙe da su duka ba. Akwai ƙungiyar ƙwadago, irin NUT ta malamai da aka kafa a 1931, wadda ke da rajista da Magatakardan Ƙungiyoyin Ƙwadago a Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Akwai ƙungiyar gama-kai, wadda ake yi wa rajista a jiha, mutum goma ma sun isa su kafa ta, kuma ita ce aka yarda ta juya kuɗi ta raba wa mambobi rara. Sai ta uku, inda yawancin ƙungiyoyin masu sana'a suka faɗo: wadda ta yi rajistar amintattu da Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, a ƙarƙashin dokar kamfanoni, CAMA, da shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya sa wa hannu ranar 7 ga Agusta, 2020. A kan wannan ta ukun zan fi tsayawa.

Dokar ta ce ƙungiya ta fitar da amintattu, wato waɗanda za su riƙe mata dukiya su tsaya a madadinta, aƙalla biyu, a buga sunayensu a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko wani zai kawo ƙorafi. Ba a naɗa yaro, ko mai taɓin hankali, ko wanda kotu ta ayyana ya karye da bashi, ko wanda aka samu da laifin zamba a cikin shekara biyar da suka gabata. In CAC ta ba da satifiket, waɗannan amintattu sun zama jiki ɗaya a idon doka, kamar mutum guda da ba ya mutuwa: da sunansu ake mallakar fili, da sunansu ake kai ƙara, su kuma ake kai wa ƙara.

To a nan gizo ke saƙar. Satifiket ɗin na uwar ƙungiya ne. Reshenka na Ringim ko Gumel ko Dambatta ba shi da nasa, sai dai in an yi masa rajista daban, abin da ba kasafai ake yi ba. Reshe kamar ɗa ne da ke zaune a gidan ubansa: yana da ɗaki, yana da mabuɗi, amma takardar gida ba da sunansa take ba. Saboda haka in hakimi ko ƙaramar hukuma ta ba ku fili ku gina ofis, kada a rubuta takarda da sunanka, kada kuma a rubuta "reshen kaza" kawai a tashi. A tuntuɓi uwar ƙungiya, a sa sunan amintattu. Haka in za ka kama haya, ko ka karɓo kujeru da rumfa bashi don taron shekara. In ka sa hannu ba da izinin da kundi ya tanada ba, ranar biya mai kaya ƙofar gidanka zai zo, kuma yana da gaskiya.

Don haka kafin walima, kafin a buga kalanda da hotonka, ka hau mota ka je ka karɓo kundin nan, ko a ɗauko maka hotonsa shafi-shafi a turo ta WhatsApp. Ka zauna da sakatare ku karanta. Shekara nawa ne wa'adinka? Mutum nawa za su hallara kafin taro ya ɗauru? Wa da wa ke sa hannu a fitar da kuɗi? Kashi nawa na kuɗin wata ake aika wa jiha, nawa ke zama a reshe? Wa ke da ikon dakatar da mamba? Sau da yawa za ka tarar abin da ake yi a reshe shekara da shekaru da sunan "ai haka muka gada" babu shi a ciki ko alama.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ke raba zumunci. Sashe na 838 na CAMA ya ce kuɗin ƙungiya da kadararta ba a kashe su sai a kan manufar da aka kafa ta dominta. Ba a raba wa mambobi da sunan riba ko kyauta. 'Yan majalisar gudanarwa ba su da albashi. Abin da aka halatta shi ne a mayar maka da abin da ka kashe daga aljihunka a hidimar ƙungiya, ko a biya ka haya daidai wa daida in ɗakinka ake amfani da shi, ko ladan wani aiki na zahiri da ka yi. Ka je taro Dutse ko Kano, kuɗin mota da na abinci hakkinka ne, ka rubuta, ma'aji ya biya. Amma a ce salla ta matso, bari shugabanni su ɗan taɓa wani abu daga asusu, wannan ba ya cikin lissafi, ko da kowa ya yi dariya ya ce ba komai. Har in ƙungiya ta rushe, abin da ya rage bayan an biya basussuka ba a kasafta shi tsakanin mambobi, wata ƙungiya mai irin manufarta ake miƙa wa. In kuna son asusun da za ku riƙa ba juna rance kuna raba rara a ƙarshen shekara, ku kafa gama-kai daban, da littafinta daban.

Bari in ba da abin da na gani da idona. A reshenmu kuɗi sun daɗe a asusun ma'aji na kansa, saboda banki na da nisa, shi kuma mutum ne da ko allura ka ba shi ajiya za ka same ta. Allah ya yi masa rasuwa da damina. Bayan sadakar bakwai muka je, ni da ciyaman, muka zauna a zaure da babban ɗansa. Ciyaman ya yi ta kewaye-kewaye, da ƙyar ya furta. Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ban ƙi ta taku ba, amma akwai marayu ƙanana a ciki. In da takarda, ku kawo a nuna wa alƙali." Ba mu da ita. A wurin banki kuɗin mamaci ne, a wurin masu rabon gado ma haka. Sai da aka haɗa da shaidu da rantsuwa da sa bakin limami kafin muka samu wani abu, ba duka ba, kuma har yau akwai gidan da ba na jin daɗin wucewa ta ƙofarsa.

Shi ya sa nake cewa aikinka na makon farko shi ne asusu. In babu mai sunan ƙungiya, a buɗe. In akwai, a canza masu sa hannu. Banki zai nemi rubutaccen bayanin taron da aka zaɓe ku, da BVN da NIN na sababbin masu sa hannu, galibi kuma da wasiƙar uwar ƙungiya. A sa hannu biyu kafin kuɗi su fita, kada ɗaya ya zama ɗan'uwanka na jini ko yaron shagonka. Wanda ya biya kuɗin wata a ba shi rasit nan take, ko a tsakiyar kasuwar Maigatari ya tare ka ranar Alhamis. Wanda zai tura ta waya ko ta wurin mai POS, ya tura asusun ƙungiya, ba naka ba. Kuɗin da aka damƙa maka ka juya su a harkarka, ko da niyyar mayarwa bayan kaka, sunansa cin amana, kuma tsohuwar dokar Penal Code da jihohin Arewa suka gada ta tanadar masa ɗauri har na shekara bakwai a sashe na 312.

Akwai abin da za ka ji ana ta muhawara a kai, gara ka san bakin zaren. CAMA ta wajabta wa amintattu kai rahoton shekara ga CAC tsakanin 30 ga Yuni da 31 ga Disamba, da adana littattafan kuɗi na shekara shida, sashe na 839 kuma ya ba hukumar damar dakatar da amintattu in an samu almundahana. Ƙungiyoyin addini da na farar hula sun yi ca a kan wannan, har a Afrilun 2023 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, ƙarƙashin Mai Shari'a James Omotosho, ta ce sassan nan sun saɓa wa tsarin mulkin ƙasa. Wannan dambarwa ta lauyoyin uwar ƙungiya ce. Kai dai ka riƙe littafinka tsaf, ka aika lissafinka sama a kan lokaci, domin kundinku ya ɗora maka wannan tun kafin a zo maganar CAC.

Inda sababbin shugabanni suka fi zamewa kuma shi ne wajen nuna isa. Sashe na 40 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin shiga ƙungiya don kare muradunsa, kuma wanda ke da 'yancin shiga yana da na ƙin shiga. Ko a ƙungiyoyin ƙwadago, gyaran da aka yi wa dokarsu a 2005 ya fito fili ya ce zama mamba ganin dama ne, ba a tilasta wa ma'aikaci, ba a kuma muzguna masa don ya ƙi. Abin da doka ta wajabta a wasu sana'o'i shi ne rajista da hukumar da ke kula da su, kuma hukuma daban, ƙungiya daban. Malamin makaranta hukumar rajistar malamai, TRCN, ce ke yi masa rajista. Mai kemis lasisinsa daga Hukumar Harhaɗa Magunguna ta Ƙasa, PCN, yake fitowa, ita ce kuma ke da ikon rufe shagon da ya karya ƙa'ida. Katin ƙungiya ba lasisi ba ne, komai kyan hatiminsa. In ka ɗebi matasa kuka garƙame shagon wani da kwaɗo, ko kuka kwashe masa kaya don bai biya kuɗin wata ba, ka fita daga inuwar doka, shi ne zai shiga. In ka ga ɗan sana'a na cutar jama'a, rubuta wa hukumar da abin ya shafa, ka ajiye kwafi. Tare hanya ranar kasuwa da igiya da tikiti ma haka: dokar haraji ta 1998 ta hana kowa kafa shinge a kan titi don karɓar haraji, har da masu karɓar harajin kansu, balle ƙungiya.

Wani abin da mutanenmu ba su ɗauke shi laifi ba shi ne yanka farashi. A zauna a ce daga yau kowa kaza zai sayar, wanda ya sauko ƙasa a ci shi tara. Dokar gasa da kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta haramta irin wannan haɗa baki, kuma hukumar ta sha gargaɗin ƙungiyoyin kasuwa a kansa. Na san dalilin da ya sa ake yi, kada mai ƙarfi ya karya ƙanana. Amma in ka rubuta shi a littafin taro ka buga hatimi, hujja ka rubuta a kan kanka.

Mamban da ya yarda ya shigo kuwa, kundi ya ɗaure shi, ana iya cin sa tara ko a dakatar da shi, matuƙar an bi hanyar da aka shimfiɗa. A rubuta masa abin da ake tuhumarsa da shi, a ba shi lokaci, a ji ta bakinsa, wanda kuma ke rigima da shi kada ya zauna cikin masu hukunci. Kotuna ba su cika son tsoma baki a harkar cikin gida ta ƙungiya ba, amma sukan rushe korar da aka yi ba a saurari mutum ba. Wanda ya yi takara da kai ya faɗi, shi ya fi kowa cancantar a bi masa wannan hanya daki-daki, don duk gari ido aka zuba a ga yadda za ka yi da shi.

Ƙanen nawa dai ya je Dutse ya dawo da kundin, shafi ashirin da 'yan kai. A taronsu na farko ya sa sakatare ya rubuta abin da ke cikin baƙar ledar nan ɗaya bayan ɗaya, da adadin kuɗin da ma'aji ya ce suna hannunsa, da sunayen waɗanda ake bi. Tsohon ciyaman ya ɗan ɓata rai, ya ce, "Malam, ko ba a yarda da mu ba ne?" Wani dattijo daga bencin baya ya ce, "Alhaji, sa hannu kawai, ai kai ma takardar nan ta wanke ka." Ya karɓi biro ya sa, ma'aji ya sa, mutum biyu suka shaida. Ranar Litinin suka ɗauki mota su uku zuwa banki.