Inshorar lafiya ta tilas: shin asibiti zai kori marar kati?

Wani saƙon murya na yawo a WhatsApp, mai shi yana rantsuwa cewa gwamnati ta hana asibitoci taɓa duk wanda ba shi da katin inshora, wai har kamu za a fara. Mata masu juna biyu ne suka fi tsorata. Maganar ba haka take ba.

Gaskiya ne akwai doka. Marigayi Shugaba Buhari ya sa mata hannu a watan Mayun 2022, ta soke tsohon tsarin inshorar lafiya na NHIS ta kafa NHIA, hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, ta kuma ce inshorar lafiya wajibi ce ga duk ɗan Najeriya da baƙon da ke zaune bisa ƙa'ida. Ta haɗa ma'aikatan gwamnati, da wuraren aikin da ke da ma'aikata 5 ko fiye, da masu sana'ar kansu. Yara 'yan ƙasa da shekara 5, masu ciki, tsofaffi, masu buƙata ta musamman da marasa galihu kuwa, an ware musu asusun da zai biya musu.

Kalmar "wajibi" ce ta rikita mutane. Wajibi ne ka shiga tsarin, amma babu inda aka ce a hana ka magani in ba ka shiga ba. Laifukan da dokar ta jero sun fi karkata kan masu riƙe da kuɗin jama'a: mai kamfanin da ya yanke wa ma'aikaci kuɗi daga albashi ya ƙi turawa, ko kamfanin inshorar da ya danne kuɗin asibiti.

Hasali ma, in ana maganar hukunci, mai korar marar lafiya ne ya kamata ya ji tsoro. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta wa ma'aikacin lafiya ko asibiti ƙin ba mutum taimakon gaggawa ko da wane dalili. Wanda ya karya, tarar Naira 100,000 ce, ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko duka biyun. Wato matar da aka kawo tsakar dare jini na zuba, mijinta tsaye a bakin ƙofa ba kati ba kuɗin ajiya, dole a fara tsayar da jinin kafin a yi maganar takarda. Sai dai a lura: gaggawa aka ce. Ciwon ƙafar da aka yi wata uku ana fama da shi bai shiga ciki ba, kuma sashen bai ce an yafe kuɗin maganin ba. Tarar kuma, a ganina, ta yi kaɗan. Babban asibitin kuɗi ba zai ji ta a jikinsa ba.

Inda ni nake da ja da dokar inshorar ta 2022 daban ne. Ta ɗora wa jihohi nauyin kafa nasu tsarin, shi ya sa ake da KSCHMA a Kano da KADCHMA a Kaduna, waɗanda ake kira hukumomin taimakekeniyar lafiya, sunan da ya fi kwanta wa masu ƙyamar kalmar inshora. To amma jihohin ba ƙarfinsu ɗaya ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kusan kashi 16 cikin 100 na haihuwa ne kawai ake yi a asibiti a Arewa maso Yamma, alhali a Kudu maso Gabas sun haura kashi 80. Wajibin ɗaya ne a kan kowa, abin da katin zai samo maka ne ya bambanta. Mai kati a Legas zaɓen asibiti yake yi. Mai kati a ƙauyen da 'yan bindiga suka kori ma'aikatan lafiya, ƙaramin asibitinsu kwaɗo ne a ƙofarsa.

Dokar 2014 ta yi ƙoƙarin cike wannan giɓi da asusun BHCPF na kula da lafiya a matakin farko, wanda ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, don a samu asibitin matakin farko mai aiki a kowace mazaɓa. Ta wannan hanya ce ake yi wa marasa galihu rajista kyauta. Duk wanda ke cikin rukunin da na ambata, ya je asibitin mazaɓarsa ya tambayi mai kula da wurin ko ana ɗaukar sunaye, ya kuma riƙe lambar NIN ɗinsa, don galibi ana tambayarta.