Kuɗin Gyaran Ƙasa Mai Gubar Dalma: Ba Rabo Ba Ne, Ba Kuma Ƙwace Ba

Tun da Gwamnatin Tarayya ta ɗage haramcin haƙar ma'adinai a Zamfara a Disamban 2024, bayan an shafe sama da shekara biyar da sanya shi, maganganu biyu ke zagaye a majalisun Anka da Bukkuyum. Masu ɗoki na cewa akwai kuɗin gyaran ƙasa da za a raba gida-gida. Masu fargaba kuma na cewa duk wanda ya bari aka auna ƙasar gidansa aka samu dalma, ko a ƙwace gidan ko a ɗaure shi. Duka biyun babu su a doka, kuma ta biyun ce ta hana ni barci.

Dokar Ma'adinai da Haƙarsu ta 2007, a sashe na 121, ta tanadi asusun kare muhalli da gyaransa. Masu lasisin haƙa ne za su riƙa zuba kuɗi a ciki, manya da ƙanana, domin ya zama jingina: in sun ɓata wuri suka kama gabansu, a samu abin gyarawa. Kuɗin aiki ne, na cike ramuka da kwashe gurɓatacciyar ƙasa. Wanda ya ce ka ba shi wani abu ya sa sunanka a jerin masu karɓa, ka riƙe abinka.

Sai batun ɗauri. Gaskiya ne dokar tana da hukunci mai tsanani, tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba da ɗaurin da bai gaza shekara biyar ba. Amma hukuncin yana kan laifuffuka irin su haƙa ba tare da lasisi ba da ba hukuma bayanan ƙarya. Samun dalma a tsakar gida ba ya cikinsu. Matar da mijinta ya taɓa kawo dutsen zinare aka daka a turmi shekarun baya, ƙurar ta zauna a ƙasan da yaranta ke rarrafe, wannan mata abar taimako ce, kuma babu layin da ya kira ta mai laifi.

Ƙwace gida ma ba mu gan shi ba a aikin da aka riga aka yi. A 2010, lokacin da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka gano cewa gubar dalma daga dutsen zinare ce ke kashe yara a ’Yargalma da Dareta, yara aƙalla 400 suka rasu. An bi ƙauyuka bakwai, har da Abare, Sunke da Tungar Daji, ana kankare saman ƙasar gidaje, a kai ta rami na musamman a binne, a zubo sabuwa. Masu gida suka ci gaba da zama a gidajensu. Kuma likitoci ba sa fara ba yaro maganin fitar da dalma sai an gyara inda yake kwana, don in ya koma cikin ƙurar, an yi ba a yi ba. Mai ɓoye gidansa, ɗansa yake hana wa magani.

Inda dokar ta bar mu a rana shi ne nan. Asusun ya rataya a wuyan masu lasisi, alhali ƙasar ƙauyukanmu ba kamfanoni masu rajista suka gurɓata ta ba. Talakawa ne masu diga da injin niƙa, da dillalan da suka saye zinaren suka wuce. To wa zai biya? Mutanen Bagega, wani ƙauyen da shi ma dalma ta gurɓata, sun ga amsar da idonsu. Sun jira har farkon 2013 kafin gwamnatin Jonathan ta saki kuɗin aikin, bayan matasa da ƙungiyoyi sun yi ta kururuwa, yara na shaƙar guba duk tsawon jiran. Tsarin mulki ya mallaka wa Tarayya duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Mai zinare kuwa, a ganina, shi ne mai dalmar da ta fito tare da shi, kuma bai kamata gyaran ya jira sai an je Abuja roƙo ba.

Kafin a toshe wannan giɓi, in ma'aikatan lafiya sun zo auna ƙasa ko jinin yara, a buɗe musu ƙofa, dutsen kuma a bar shi can wajen gari.