Dokar Haɗe Gundumomin Haraji a Jihar Niyok da Makomar 'Yan Kwana-kwanan Sa Kai

A ƙasashenmu idan aka ce ɗan kwana-kwana, ma'aikacin gwamnati ake nufi, mai albashi da kayan sarki. A Amurka kuwa kusan kashi 65 cikin 100 na masu kashe gobara 'yan sa kai ne, waɗanda ba a biyan su albashi. Wani makanike ne, wani malamin makaranta, wata ma'aikaciyar jinya, kowa na ɗauke da na'urar kira, kuma da zarar ta yi ƙara, ko da ƙarfe uku na dare ne a tsakiyar hunturu, sai mutum ya bar shimfiɗarsa ya nufi tasha. Al'adar tsohuwa ce, domin tun 1736 Benjamin Franklin ya kafa irin wannan ƙungiya a Filadelfiya. Abin ya yi kama da aikin gayya, sai dai ita wannan gayyar ba ta da ranar tashi. To amma ko da ƙarfin mutum ya zo kyauta, motar kashe gobara da tsani da tukunyar iskar shaƙa da ginin tasha duk da kuɗi ake samun su, kuɗin kuma daga harajin gidaje da filaye yake fitowa. Takaddamar da ta taso a jihar Niyok a kan wanda zai riƙe wannan aljihun ce.

A wajen manyan birane, jihar tana da hanyoyi uku na samar da aikin kashe gobara. Hukumar ƙauye tana iya mallakar sashenta na kashe gobara. Ƙaramar hukuma kuwa ba ta da ikon gudanar da irin wannan sashe da kanta, saboda haka ko dai ta shata wani yanki ta ba wata ƙungiyar 'yan kwana-kwana kwangilar kula da shi a kan kuɗin da aka daidaita, ko kuma a kafa abin da ake kira gundumar kashe gobara. Wannan ta ukun ita ce tushen rigimar, domin gwamnati ce mai zaman kanta, komai ƙanƙantarta. Akwai irinta kusan 900 a jihar. Kowace tana da kwamishinoni biyar da jama'a ke zaɓa na wa'adin shekara biyar-biyar, ba tare da albashi ba, kuma su ne ke tsara kasafin kuɗin shekara, su miƙa wa ƙaramar hukuma ta tara musu harajin, alhali ita ƙaramar hukumar ba ta da hurumin rage ko da dala ɗaya daga abin da suka rubuta. Ya kamata mai karatu ya riƙe bambanci guda tun daga nan: gunduma ita ce mai aljihu da motoci da gini, ƙungiyar 'yan sa kai kuma ita ce mutanen da ke shiga cikin hayaƙin.

Mai gida yana ganin wannan tsari ne a takardar harajinsa, inda zai tarar da layi-layi: na ƙaramar hukuma, na ruwa, na fitilun titi, na kwasar shara, sannan na kashe gobara. Mutanenmu da ke zaune cikin birnin Niyok ba su saba da wannan ba, domin birnin yana da rundunarsa mai albashi, amma duk wanda ya fita ya sayi gida a garuruwan da ke kewaye zai ci karo da layin. Zaɓen kwamishinonin da ke yanke adadin ana yin sa ne ranar Talata ta biyu ta watan Disamba, wata guda bayan babban zaɓe, yawanci daga ƙarfe shida zuwa tara na dare, a cikin tashar kashe gobarar kanta. Sanyi ne, duhu ya yi, kuma akasarin mazauna ba su ma san ana zaɓen ba, don haka sau da yawa waɗanda ke fitowa su ne 'yan ƙungiyar da iyalansu. Ta haka masu amfani da kayan suke zama masu zaɓen waɗanda za su saya musu kayan.

A 2005 jaridar Newsday ta buga jerin rahotannin bincike a kan yankin Long Island, inda ake da sassan kashe gobara kusan 180, ta nuna tashoshi masu kama da fada, da motocin da suka fi na birnin Niyok yawa, da tafiye-tafiyen taro da ake biya daga kuɗin haraji. Sunan da ya fi fitowa a shekarun da suka biyo baya shi ne Gordon Heights, wata ƙaramar unguwa a yankin Suffolk, wadda ba ta da manyan kantuna ko masana'antun da za su ɗauki wani kaso na nauyin, sai gidaje kaɗan aka bari da shi, har harajin gobara kaɗai ya haura dala dubu a shekara ga gida guda. Wasu mazauna sun tara sa hannu suna neman a rushe gundumar, suka tarar tsohuwar doka ta cika da sarƙaƙiya. Wasu mazaunan kuma sun ƙi, domin unguwa ce mai tarihin baƙaƙen fata, sashen kashe gobarar kuma abin alfaharinsu ne da iyayensu suka gina da hannunsu.

A wannan yanayi ne Andrew Cuomo, wanda a lokacin shi ne Antoni Janar na jihar, ya fito da ƙudurin sake fasalin ƙananan gwamnatoci da ƙarfafa ikon jama'a. Hujjarsa ita ce jihar tana da ƙananan gwamnatoci sama da 10,500, wasu bisa wasu, kowace da harajinta. Adadin yana buƙatar a sa masa lura, domin mafi yawansu gundumomi ne a takarda kawai, waɗanda majalisar ƙaramar hukuma ke gudanarwa ba tare da wasu shugabanni dabam ba. Gwamna David Paterson ya sa wa dokar hannu a watan Yunin 2009, ta fara aiki a watan Maris na 2010. Ta shafi ƙananan hukumomi da hukumomin ƙauyuka da gundumomin kashe gobara da sauran gundumomi na musamman, amma ta tsame birane da gundumomin makarantu, duk da cewa makarantu ne ke cin kaso mafi tsoka na harajin gidaje.

Dokar ta buɗe ƙofa biyu. Ta farko ita ce shugabannin gundumomin da kansu su zauna su rubuta yarjejeniyar haɗewa, su wallafa ta, su saurari jama'a, sannan su amince. Idan gundumomi ne zalla, ban da ƙaramar hukuma ko ƙauye, ba sai an kai ga ƙuri'ar raba gardama ba. Ta biyu, wadda ita ce sabon abu, ta ba talakawa damar tilasta haɗewa ko rushewa ko da shugabanni ba su so. Ana buƙatar takardar koke mai ɗauke da sa hannun kashi 10 cikin 100 na masu rajistar zaɓe a wurin, ko mutum 5,000, duk wanda ya fi ƙanƙanta. Idan masu rajistar ba su wuce 500 ba, sai kashi 20. Akawu zai tantance sa hannun cikin kwana 10, sannan hukumar ta tsayar da ranar ƙuri'a, wadda za ta faɗo tsakanin kwana 60 zuwa 90 bayan tsayarwar. Idan haɗewa ake nema, dole ne rinjaye ya samu a kowace gunduma dabam, ta yadda babba ba za ta haɗiye ƙarama da yawan ƙuri'unta ba. Idan koken ya faɗi, ba a sake tayar da shi sai bayan shekara huɗu.

Idan kuma ya ci, sai shugabannin su zauna cikin kwana 30, a ba su kwana 180 su tsara yadda za a yi da motoci da gine-gine da ma'aikata da basussuka, da kuma ƙiyasin abin da za a rage ko a ƙara wa mai biyan haraji. Bayan zaman sauraron jama'a da amincewa da tsarin, waɗanda ba su gamsu ba suna da kwana 45 su tara sa hannun kashi 25 cikin 100, ko mutum 15,000, don a sake kaɗa ƙuri'a. Idan shugabanni suka yi ta jan ƙafa, mutum biyar daga cikin masu koken suna iya kai su kotu. Bashin gundumar da aka rushe kuwa ba ya ɓacewa, a kan gidajen yankinta yake ci gaba da zama har a biya.

Ƙungiyar 'yan kwana-kwana ta jihar, wadda ake kira FASNY, mai tarihi tun 1872, ta nemi a cire gundumomin kashe gobara daga dokar, ba ta samu ba. Hujjarta ba abar wasa ba ce. Ɗan sa kai yana tashi cikin dare ne saboda gidan da ke ci na maƙwabcinsa ne, saboda sunan garinsu ne a jikin motar, wataƙila kuma hoton mahaifinsa yana rataye a bangon tashar. Idan aka mayar da shi ɗan wata babbar hukuma mai nisa, ba a san ko zai ci gaba da zuwa ba, kuma babu dokar da za ta tilasta masa. Dama yawansu raguwa yake yi: a faɗin Amurka sun kusa 898,000 a 1984, suka koma kimanin 677,000 a 2020, ita kuma FASNY tana cewa a jihar sun sauko daga kimanin 120,000 zuwa kimanin 80,000. Horo ya ƙara tsawo, mutane suna aiki nesa da gida, kiran marasa lafiya ya fi na gobara yawa. Duk tashar da ta rasa 'yan sa kai sai an zuba mata ma'aikata masu albashi dare da rana, kuma ƙungiyar ta ƙiyasta cewa yin hakan a duk jihar zai ci biliyoyin daloli kowace shekara. Wanda ya je neman sauƙin haraji yana iya komowa da ninkinsa.

Duk da haka, a ganina bai dace a hana mai biyan haraji ikon tambaya ba, kuma girmama 'yan sa kai bai wajabta girmama kowane kasafin kuɗi da aka rubuta da sunansu ba. Haɗe gundumomi biyu ba lallai ne ya rufe tasha ko ya goge sunan ƙungiya ba. Gunduma ɗaya tana iya ɗaukar ƙungiyoyi da yawa, kowace da tasharta da shugabanninta, sai dai akawu ɗaya, lauya ɗaya, inshora ɗaya, da babbar motar tsani ɗaya a maimakon biyu da ke ajiye kusa da juna. Dama tashoshin suna kai wa juna ɗauki a duk babbar gobara, musamman da rana lokacin da kowace ke fama da ƙarancin hannu.

Inda 'yan kwana-kwana suka fi gaskiya, kuma inda nake ganin dokar ta yi rauni, shi ne tsarin matakan ƙofa ta biyu. Ana kiran jama'a su kaɗa ƙuri'a kafin a rubuta tsarin, wato mutum ya amince da rushe gundumarsa bai san tashar da za ta amsa kiransa ba, bai san minti nawa motar za ta ɗauka ba, bai ma san ko harajin nasa zai ragu ba. Sayen kifi a ruwa ke nan, a kan al'amarin da ya shafi rai. Sannan fara tafiyar yana buƙatar kashi 10 ne kawai, amma tsayar da ita bayan an ga lissafi yana buƙatar kashi 25 cikin kwana 45, abin da ke da wuya ƙwarai ga ƙaramar unguwa.

Abin da ya faru bayan haka bai kai yadda kowane ɓangare ya zata ba. Waɗanda dokar ta fi taɓawa hukumomin ƙauyuka ne, irin su Altmar da Lyons da Mastic Beach, waɗanda mazaunansu suka zaɓi a rushe su. Kuma tun da ƙaramar hukuma ba ta gudanar da sashen kashe gobara, duk ƙauyen da aka rushe alhali yana da sashensa sai an nema masa mafaka, wani lokaci ta hanyar kafa sabuwar gundumar kashe gobara mai nata haraji. A 2011 jihar ta biyo ta wata hanya, ta ƙayyade ƙarin harajin gidaje a shekara ga kashi 2 cikin 100 ko gwargwadon hauhawar farashi, duk wanda ya fi ƙanƙanta, kodayake kwamishinoni uku cikin biyar suna iya tsallake iyakar da ƙuri'arsu. A ɗaya gefen kuma ta ci gaba da lallashin 'yan sa kai da rangwamen dala 200 a harajin kuɗin shiga, da ɗan fanshon da ake tarawa bisa shekarun aiki, da dokar 2022 da ta ba ƙananan hukumomi da gundumomi damar yafe musu har kashi 10 cikin 100 na darajar gidansu wajen lissafin haraji. Shi ma wannan rangwamen, sauran maƙwabta ne ke cike giɓinsa a tasu takardar.