Tsakiyar Birnin Sidni: Tituna, Lambuna da Dokokin Rufe Mashaya

Tsakiyar birnin Sidni ita ce cibiyar kasuwanci da mulki ta jihar New South Wales a ƙasar Ostireliya. Siririn yanki ne da ya taso daga mashigin ruwan Circular Quay a arewa, ya miƙe kimanin kilomita 3 zuwa babbar tashar jirgin ƙasa ta Central a kudu. Hukumomi biyu ne ke da iko da shi. Majalisar birni ce ke kula da gefen tituna da bishiyoyi da akasarin lambunan shaƙatawa, su kuwa manyan hanyoyi da sufuri da 'yan sanda da lasisin sayar da barasa suna hannun gwamnatin jiha. Yawancin gardamar da aka sha yi kan fasalin yankin daga wannan rabon iko ta samo asali, don sau da yawa majalisar birni kan so a daɗe a waje, gwamnatin jiha kuma ta ce a tashi a tafi gida.

Titin George

Titin George shi ne ƙashin bayan yankin, kuma ana ɗaukarsa a matsayin titi mafi tsufa a Ostireliya. Ana kyautata zaton ya bi sawun wata turba ce ta mutanen Gadigal, 'yan asalin wurin tun kafin zuwan Turawan Birtaniya a 1788. Gwamna Lachlan Macquarie ne ya raɗa masa suna a 1810 don girmama Sarki George na Uku. Daga ƙarshen ƙarni na 19 taragon lantarki ya riƙa bi ta kansa, a zamanin da Sidni ke cikin biranen da suka fi yawan layukan tarago a duniya. A 1945 kaɗai an ɗauki fasinja sama da miliyan 400. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu hukumomi suka karkata ga mota da bas. An daina taragon titin George wajen ƙarshen 1958, taragon ƙarshe na birnin kuma ya yi tafiyarsa a watan Fabrairun 1961. A 1958 ɗin ne kuma aka buɗe babbar hanyar Cahill, wadda aka ɗora bisa Circular Quay ta shiga tsakanin birnin da bakin ruwansa.

Abin da ya biyo baya shi ne rabin ƙarni na cunkoso. Da safe da yamma bas-bas kan jeru a titin, wannan na bin wancan, masu tafiya a ƙasa kuma su cushe a ɗan gefen da aka bar musu suna jiran fitila ta ba su hannu. An ɗan taɓa gyara a wasu wurare. Dandalin Martin Place an hana mota shiga cikinsa kashi-kashi daga 1971 zuwa ƙarshen shekarun 1970, wani yanki na titin Pitt kuma ya koma na masu ƙafa zalla a 1987. Titin George dai ya ci gaba da zama hanyar motoci.

A 2007 majalisar birni, ƙarƙashin magajiyar gari Clover Moore wadda ta hau kujerar a 2004, ta gayyato masanin tsara birane ɗan ƙasar Denmak, Jan Gehl, ya nazarci yankin. Hanyar aikinsa mai sauƙi ce: a tsaya a ƙirga mutane, nawa ke wucewa, nawa ke zama, minti nawa suke ɓatawa a mahaɗa. Rahotonsa ya ce mota ta mamaye birnin, ya kuma ba da shawarar a mayar da titin George hanyar tarago da masu tafiya a ƙasa, a haɗa shi da manyan dandali uku, ɗaya a Circular Quay, ɗaya a gaban zauren majalisar birni, ɗaya a tashar Central. Ya kuma so a rushe hanyar Cahill. Majalisar ta shigar da yawancin shawarwarin cikin tsarinta na dogon zango a 2008, amma ba ta da ikon shimfiɗa layin dogo, sai da gwamnatin jiha ta amince bayan wasu shekaru.

An fara aikin a watan Oktoban 2015. Layin mai tsawon kilomita 12 ne, daga Circular Quay zuwa unguwannin Randwick da Kingsford a kudu maso gabas. Majalisar birni ta zuba dalar Ostireliya miliyan 220, musamman don shimfiɗa duwatsu da dasa bishiyoyi da kafa kujeru. Aikin ya sha jinkiri. Da aka haƙa titin sai aka yi ta cin karo da bututu da wayoyin ƙarƙashin ƙasa waɗanda ba su cikin taswira, shaguna suka shafe shekaru a bayan shingen gini, wasu har suka rufe. Kamfanin Sifen da ke aikin ya kai gwamnati kotu, aka sasanta a 2019. Kuɗin da aka ƙiyasta da farko, wajen dala biliyan 1.6, ya haura zuwa kimanin biliyan 3. An buɗe reshen Randwick ranar 14 ga Disamba, 2019, na Kingsford kuma a watan Afrilun 2020.

Tsakanin titin Hunter da titin Bathurst an hana motoci wucewa. A sashen arewa babu wayar lantarki a sama, tarago na jan wuta ne daga wani dogo na uku da ke kwance tsakanin dogayen biyu, wanda ba ya ɗaukar wuta sai taragon na bisansa, don haka mutum na iya taka shi ba abin da zai same shi. Daga baya an tsawaita yankin masu ƙafa zuwa kudu, kusa da tashar Central. Dandalin gaban zauren majalisa har yanzu shiri ne, ko da yake majalisar ta daɗe tana sayen gine-ginen wurin ɗaya bayan ɗaya. Hanyar Cahill tana nan inda take.

Lambunan shaƙatawa

Lambun Hyde Park, mai faɗin kimanin hekta 16 a gabashin yankin, shi ne lambun jama'a mafi tsufa a ƙasar. Macquarie ne ya keɓe shi a 1810, ya ara masa sunan takwaransa na Landan, a shekarar kuma aka yi sukuwar dawaki a cikinsa. Ya daɗe yana filin wasan kurket da atisayen soja. Fasalinsa na yau ya samo asali ne daga wata ɓarna: a shekarun 1920 an tone shi kusan gaba ɗaya don gina layin jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda tashoshinsa na St James da Museum suka fara aiki a 1926. Bayan an mayar da ƙasa sai aka yi gasar sake tsara lambun, Norman Weekes ya lashe. A kan tsarinsa aka dasa doguwar hanyar itatuwan ɓaure da ta ratsa tsakiya, rassansu suka haɗe a sama kamar rumfa. Maɓuɓɓugar Archibald ta zo a 1932, ginin tunawa da sojojin Anzac, wato rundunar Ostireliya da New Zealand ta Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma a 1934. Itatuwan sun tsufa tare, tunda tare aka dasa su, cuta kuma ta kama saiwar wasu, har aka sare da dama wajen 2005. Majalisar birni na maye gurbinsu sannu a hankali, saboda jama'a ba sa son ganin hanyar ta zama fayau lokaci guda. A 2018 aka kammala faɗaɗa ginin Anzac, aka ƙara masa magangarar ruwan da ke cikin zanen farko amma rashin kuɗi ya hana a yi ta a wancan lokaci.

Lambun tsirrai na Royal Botanic Garden an kafa shi a 1816, kuma gwamnatin jiha ce ke riƙe da shi.

Sabon abu mafi girma shi ne Barangaroo Reserve, a kusurwar arewa maso yamma, wanda aka buɗe a watan Agustan 2015. Wurin tsohuwar tashar sauke kwantena ce, daɓen kankare shimfiɗe a bakin ruwa. An sake gina tudun da ake jin haka yake kafin Turawa su sassare shi, aka jera tubalan dutse kimanin 10,000 da aka fasa daga wurin a bakin gaɓa, aka dasa tsirrai 'yan ƙasa kusan 75,000 a fili mai hekta 6. Tsohon firayim minista Paul Keating na cikin waɗanda suka dage sai an yi shi da wannan siffa. Sunan kuwa na wata mata ce 'yar ƙabilar Cammeraygal da ta rayu a farkon zuwan Turawa. Masu suka na cewa lambun tukuici ne aka ba jama'a don su yi shiru kan dogayen benaye da gidan caca da aka gina a sauran filin.

Lokutan rufe mashaya

Sau biyu a tarihi gwamnatin jiha na ƙuntata lokacin rufe mashaya a Sidni bayan tashin hankali a titi, sau biyu kuma tana janyewa.

Na farko ya faru ne a tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ranar 14 ga Fabrairu, 1916, dubban sojoji da ke sansanin horo kusa da garin Liverpool da ke wajen Sidni suka yi bore kan ƙarin sa'o'in atisaye. Suka fasa mashayun garin, suka hau jirgin ƙasa zuwa Sidni suka ci gaba da ɓarna, har aka harbe soja ɗaya a tashar Central. Ƙungiyoyin yaƙi da shan giya, waɗanda coci-coci da ƙungiyoyin mata ke mara wa baya, sun daɗe suna neman irin wannan dama. A watan Yuni aka yi ƙuri'ar raba gardama, jama'a suka zaɓi a riƙa rufewa ƙarfe 6 na yamma maimakon 11 na dare. An ce matakin na lokacin yaƙi ne, amma ya kai kusan shekara 39.

Dokar ta sauya yadda ake sha fiye da yadda ta rage shi. Ma'aikaci ya tashi aiki ƙarfe 5, sa'a ɗaya ke gare shi, sai ya ruga mashaya ya sayi kofi huɗu ko biyar lokaci guda ya jera a gabansa ko tsakanin ƙafafunsa, yana kwankwaɗa yana duban agogo. Masu mashaya suka kwashe kujeru da teburan wasa don a sami wurin tsayuwa, suka tsawaita kanta, suka lulluɓe bango da tayil don a iya wanke shi da tiyo bayan an watse. Har yau ana ganin wannan tayil a tsoffin mashayun birnin. Da ƙarfe 6 ta buga sai a turo dubban maza buge cikin titi a tare. Bayan haka kasuwa ta koma hannun masu sayarwa a ɓoye a unguwannin Surry Hills da Darlinghurst da Kings Cross, inda mutane irin su Kate Leigh suka yi dukiya da suna. Ƙuri'ar 1947 ta bar dokar yadda take. Ta 1954 ce ta ba da ƙarfe 10 da ƙaramin rinjaye, aka fara aiki da ita a farkon 1955.

Daga nan sai sassauci ya yi ta ƙaruwa, har wasu wurare suka sami izinin kwana a buɗe. Dokar barasa ta 2007 ta sauƙaƙa kuɗin lasisi ga ƙananan mashayu, abin da Clover Moore ta yi ta fafutuka a kai, da nufin raya lungunan tsakiyar gari.

Ƙuntatawa ta biyu ta zo a 2014. Samari biyu 'yan shekara 18 sun mutu a Kings Cross, ɗaya a 2012, ɗaya a watan Janairun 2014, kowanne bayan naushi ɗaya daga wani da bai san shi ba. Jaridu da likitocin asibitin St Vincent da ke kusa suka matsa lamba, gwamnatin firimiyan jihar Barry O'Farrell ta kafa doka da ta fara aiki ranar 24 ga Fabrairu, 2014, tana koyi da abin da aka gwada a birnin Newcastle tun 2008. A tsakiyar birni da Kings Cross, daga ƙarfe 1:30 na dare ba a barin sabon mutum ya shiga mashaya, ko da fita ya yi shan iska. Ƙarfe 3 kuma a daina sayar da barasa. Shagunan sayar da kwalba a duk faɗin jihar aka ce su rufe ƙarfe 10. Ƙananan mashayu da gidajen abinci ba su shiga dokar ba. Gidan cacan The Star da yankin Barangaroo sun faɗa wajen iyakar da aka shata, abin da ya jawo zargin son kai.

An yi ta gardama kan sakamakon. Alƙaluman hukumar ƙididdigar laifuka ta jihar sun nuna cewa duke-duke sun ragu da kusan rabi a Kings Cross, sun ragu kaɗan a tsakiyar birni, sun kuma ƙaru a wasu unguwannin maƙwabta. Masu adawa suka ce mutanen ne suka daina zuwa, ba halinsu ne ya gyaru ba, suna nuni da gidajen rawa da na mawaƙa da suka rufe. Ƙungiyar Keep Sydney Open ta fito da dubban mutane zanga-zanga a 2016. A shekarar ne tsohon alƙalin babbar kotu Ian Callinan ya duba dokar, aka ƙara rabin sa'a ga wuraren da ake kiɗa kai tsaye. Bayan wani kwamitin majalisar dokokin jiha ya ba da rahoto a 2019, gwamnatin Gladys Berejiklian ta ɗage dokar hana shiga a tsakiyar birni da titin Oxford ranar 14 ga Janairu, 2020, wata guda cif bayan buɗe taragon titin George, 'yan makonni kuma kafin annobar korona ta rufe komai. Kings Cross ya biyo baya a watan Maris na 2021.

Halin da ake ciki

A 2021 gwamnatin jiha ta naɗa kwamishina na musamman mai kula da harkokin kasuwancin dare. Cin abinci a teburan gefen titi, wanda aka sassauta izininsa lokacin annoba, ya zauna a titin George da lungunan da ke kewaye da shi.