Magnesiyam a Cikin Abinci: Tambayoyi da Amsoshi kan Amfaninsa da Kariyar da Yake Bayarwa

A 'yan shekarun nan kwalaben ƙwayoyin magnesiyam sun yawaita a kemis-kemis da shafukan sada zumunta, inda ake tallata su a matsayin maganin hawan jini da ciwon suga da rashin barci. Wani ɓangare na wannan talla yana da tushe a bincike, wani ɓangaren kuma an zuzuta shi fiye da kima, don haka yana da kyau a rarrabe tsakaninsu kafin mutum ya zaro kuɗinsa.

Mene ne magnesiyam, kuma wane aiki yake yi a jiki?

Magnesiyam ma'adini ne da jiki ba ya iya ƙera shi da kansa, sai dai ya samo shi daga abinci da ruwan sha. Sunansa ya fito ne daga yankin Magnesiya na ƙasar Girka, kuma masanin kimiyya ɗan Ingila Humphry Davy ne ya fara ware shi a shekarar 1808. Jikin baligi yana ɗauke da kimanin giram 25 na wannan sinadari, fiye da rabinsa yana cikin ƙashi, mafi yawan saura yana cikin tsoka da sauran nama, abin da ke yawo a jini kuwa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Duk da ƙanƙantar wannan adadi, fiye da nau'i 300 na sinadaran da ke tafiyar da ayyukan jiki, waɗanda masana ke kira enzayim, ba sa aiki sai da shi. Yana da hannu wajen mayar da abinci ƙarfi, da isar da saƙo ta jijiyoyi, da daidaita bugun zuciya, da aikin insulin, wato sinadarin da ke daidaita yawan suga a jini. Haka kuma, yayin da kalsiyam yake sa tsoka ta ɗaure, magnesiyam yana cikin abubuwan da ke sa ta saki, har da siririyar tsokar da ke zagaye da hanyoyin jini.

Nawa mutum yake buƙata a rana?

Ma'aunin da aka fi ambato shi ne wanda masana a Amurka suka tsayar a shekarar 1997: miligiram 400 zuwa 420 ga namiji baligi, miligiram 310 zuwa 320 ga mace, sannan 350 zuwa 360 ga mai juna biyu. Hanji yana tsotse kashi 30 zuwa 40 cikin 100 ne kawai na abin da aka ci, amma an riga an yi la'akari da hakan a lissafin.

A wane irin abinci ake samunsa?

A nan ne labarin yake da daɗi ga mai cin abincin ƙasar Hausa, domin kusan duk manyan tushen magnesiyam abubuwa ne da ake aunawa da mudu a kasuwanninmu. Giram 100 na dawa wadda ba a surfa ba yana ɗauke da kimanin miligiram 165, gero ya haura 100, busasshen wake yana da wajen 180, gyaɗa kusan 170, riɗi kuwa ya kai kimanin 350, agushi da 'ya'yan kabewa ma sun fi haka. Idan mutum ya ci giram 100 na dawa da giram 100 na wake a yini, ya ƙara da cikin tafin hannu na gyaɗa, ya kusa cika miligiram 400 tun kafin a lissafa miya.

Miyar kuma tana da nata kason. Koren launin da ke jikin ganye sinadari ne wanda magnesiyam yake zaune a tsakiyarsa, shi ya sa alayyahu da zogale da lalo da kuka da rama duk suke ɗauke da shi. Ana samunsa kuma a waken suya da kashu da aya da dabino, ayaba matsakaiciya ɗaya tana da kimanin miligiram 30. Nama da madara suna da shi, amma ba su kai hatsi da 'ya'yan itatuwa masu mai ba, wanda hakan ke nufin kantun riɗi na 'yan kuɗi kaɗan ya fi tsire amfani ta wannan fuska.

To, idan abincinmu yana da shi haka, ta ina ake rasa shi?

Ana rasa shi a turmi da injin niƙa da tukunya. Mafi yawan magnesiyam na ƙwayar hatsi yana cikin fatarta ta waje da ɗan idon da tsiro ke fitowa, wato abin da ke zama dusa. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai surfe ya ga yadda ake yayyafa wa dawa ruwa, a yi ta kirɓa har fatar ta saɓule, a sheƙe, a wanke, sannan a kwashi dusar a zuba wa tumaki da kaji. Tuwon yana fitowa da haske da laushi, amma wani kaso mai yawa na ma'adinin ya tafi garke. Gwargwadon tsananin surfen, gwargwadon asarar.

Abin ya fi muni a hatsin da masana'anta ta sarrafa. Garin alkama da aka niƙa da dusarsa yana da fiye da miligiram 130 a giram 100, farar fulawa kuwa ba ta wuce ashirin da 'yan kai ba. Rabin kofi na dafaffiyar shinkafa mai fatarta yana da kimanin miligiram 42, farar shinkafa tana da kimanin 10. Saboda haka gidan da ya koma karyawa da burodi da shayi, ya ci farar shinkafa da rana, ya rufe da taliyar leda da dare, yana iya ƙoshi sarai alhali bai samu rabin buƙatarsa ba. A ganina wannan sauyin cima na birane ya fi cancantar a damu da shi a kan rashin ƙwaya.

Akwai kuma batun ruwan dahuwa. Magnesiyam yana narkewa a ruwa, don haka idan aka tafasa zogale ko rama aka tsiyaye ruwan don yin kwaɗo, wani abu yana bin ruwan. Miyar kuka ba ta da wannan matsala, tunda garin ganyen gaba ɗaya ake kaɗawa a tukunya. A ɗaya ɓangaren, hatsi da wake suna ɗauke da wani sinadari mai suna fayitet wanda ke riƙe ma'adinai ya hana hanji tsotsarsu, kuma jiƙawa da barin ƙullu ya yi tsami, kamar yadda ake yi wa kamu, suna rage shi, sai dai tatar da ake yi da rariya ko ƙyalle ita ma tana fitar da dusa.

Gaskiya ne yana sauke hawan jini?

Yana saukewa, amma kaɗan. Wani nazari da aka buga a 2016, wanda ya haɗa sakamakon gwaje-gwaje 34, ya gano cewa shan kimanin miligiram 370 a rana na tsawon wata uku yana rage lambar sama ta awon jini da kusan maki 2, ta ƙasa ma kusan haka. Ga wanda awonsa yake 170 a kan 100, wannan ba zai fitar da shi daga haɗari ba, kuma ba dalili ne na ajiye maganin da likita ya rubuta ba. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, da ta yarda a 2022 a riƙa ambaton wannan alaƙa a jikin kaya, ta sharɗanta a bayyana cewa hujjar ba ta yi ƙwari ba. Tsarin cin abinci mai yawan ganye da 'ya'yan itace da hatsi mai dusa, wanda aka gwada a Amurka a 1997, ya fi haka tasiri, domin yana kawo magnesiyam tare da fotasiyam da kalsiyam da harza a lokaci guda. Haka nan nazarce-nazarcen da suka bi dubban mutane na shekaru sun nuna cewa ƙarin miligiram 100 a abincin yini yana tafiya tare da raguwar haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kimanin kashi 8 cikin 100.

Ciwon suga fa?

Alaƙar a nan ta fi ƙarfi, kuma ta fuska biyu ce. Ƙarancin magnesiyam yana sa jiki ya ƙi jin insulin yadda ya kamata, sannan idan suga ya hau, ƙoda tana zubar da magnesiyam da yawa a fitsari, sai ƙarancin ya ƙaru. Wani nazari na 2007 ya nuna cewa ƙarin miligiram 100 a rana yana tafiya tare da raguwar haɗarin kamuwa da ciwon suga nau'i na biyu da kimanin kashi 15 cikin 100. Amma a lura: masu cin magnesiyam da yawa su ne masu cin wake da ganye da hatsi mai dusa, kuma da wuya a tantance ko sinadarin ne kaɗai ya yi aikin ko cimar ce baki ɗaya. Gwajin ƙwayoyi ga masu ciwon ya ba da sakamako mabambanta, shi ya sa ƙungiyar masana ciwon suga ta Amurka ba ta ba da shawarar kowane mai ciwon ya riƙa shan su ba, sai wanda aka tabbatar yana da ƙaranci.

Allurar da ake yi wa mai ciki idan jijjiga ta kama ta, ita ma magnesiyam ce?

Ita ce, ana kiranta magnesiyam salfet, kuma a nan babu jayayya a kan amfaninta. Jijjiga ko taune-taune, wadda ke biyo bayan hawan jini na masu juna biyu, tana cikin manyan abubuwan da ke kashe mata wajen haihuwa a arewacin Nijeriya. Babban gwajin da aka fitar da sakamakonsa a 2002, wanda ya ƙunshi mata fiye da 10,000 a ƙasashe 33, ya nuna cewa allurar tana rage haɗarin jijjiga da fiye da rabi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauke ta a matsayin maganin farko. Da aka shigar da ita a asibitoci goma na jihar Kano a 2008, mutuwar matan da ke fama da wannan lalura ta ragu ƙwarai. Sai dai wannan magani ne na asibiti, wanda ma'aikaciyar jinya ke bayarwa tana lura da numfashin mace da yawan fitsarinta da motsin gwiwarta idan an ƙwanƙwasa. Cin riɗi ko shan ƙwaya ba ya maye gurbinsa, kuma ba ya maye gurbin zuwa awo.

Ciwon ɓarin kai da ɗaurewar jijiya da rashin barci fa?

Likitocin jijiya na Amurka sun bayyana a 2012 cewa mai yiwuwa ne magnesiyam yana rage yawan tashin ciwon ɓarin kai, amma adadin da ake amfani da shi yana da yawa, sai da kulawar likita. Ga ɗaurewar jijiyar ƙafa da dare, gwaje-gwajen da aka yi wa tsofaffi ba su nuna wani amfani ba. Hujjar barci kuwa ƙarama ce, ba ta kai girman tallar da ake yi mata ba.

Ta yaya mutum zai gane yana da ƙaranci?

Ba abu ne mai sauƙi ba, domin ƙoda tana riƙe sinadarin idan ya yi ƙaranci, ƙashi kuma yana sako wanda ya adana, don haka gwajin jini yana iya fitowa daidai alhali ajiyar jiki ta ragu. Alamomin farko su ne rashin son abinci da tashin zuciya da kasala, waɗanda cututtuka da dama ke kawowa. Idan abin ya yi nisa sai a ga sanƙarewar gaɓoɓi da fizgar tsoka da rikicewar bugun zuciya. Waɗanda suka fi shiga haɗari su ne masu gudawa mai daɗewa, da masu ciwon suga, da tsofaffi, da mashaya giya, da yara masu tamowa, waɗanda madarar da ake ba su a cibiyoyin jinya take ɗauke da magnesiyam saboda wannan dalili. Magungunan da ke sa fitsari, irin su furosemide, suna zubar da shi, haka ma omeprazole da masu olsa ke sha, idan aka shekara ana amfani da shi.

Akwai illa idan ya yi yawa?

Daga abinci babu, muddin ƙoda tana da lafiya, domin tana fitar da rarar a fitsari. Daga ƙwaya kuwa akwai iyaka: ma'aunin Amurka ya tsayar da miligiram 350 a rana ga baligi, ban da abin da ke cikin abinci, kuma wuce hakan yakan jawo gudawa da murɗawar ciki. Mutane da yawa ba su san cewa farin maganin ƙwannafi na ruwa da ake kira mis-mag, da wasu magungunan bayan gida mai tauri, magnesiyam ne a cikinsu ba. Ga mai ciwon ƙoda wannan haɗari ne na gaske, domin sinadarin yana taruwa a jini har ya sauke hawan jini fiye da kima, ya raunana numfashi, ya tsayar da zuciya, don haka bai kamata ya sha ko ɗaya daga cikinsu ba sai da izinin likitansa. Sannan magnesiyam yana riƙe wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta a hanji, musamman ciprofloxacin da tetracycline, ya hana su shiga jini. Wanda aka rubuta wa irin waɗannan sai ya sha su aƙalla awa biyu kafin ƙwayar magnesiyam ko maganin ƙwannafi, ko kuma awa huɗu zuwa shida bayansu.